Ƙarfen da Ya Sa Na'urarku Kuka

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Jakadun Gobe,
mai shirya wa ɗalibai muhawara kan harkokin ƙasashen duniya,
Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka shi daɗe, ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da sauran 'yan kwamitinka. Allah ya sa hidimar da kuke yi wa yaran jihar nan ta zama hujja gare ku ranar gobe, ba hujja a kanku ba.

Sunana Lawali. Ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata ta kwana da ke Kaura Namoda, amma asalina mutumin Dauran ne ta ƙasar Zurmi. Ba lalle ka tuna fuskata ba, ko da yake sau uku ina zama a kan bencin da ke ƙofar ofishinka. Sai dai na tabbata ba ka manta ranar da na'urar baƙonku ta yi kuka a zauren taro na Kaura ba, don kana tsaye a wurin. Wata bakwai ke nan cif. Na rubuto maka sau biyu cikin ambulan, ban ji ko tari ba. Shi ya sa yau na rubuto a fili, inda kowa zai karanta. Buƙatata guda ce tak: a kawo na'ura Dauran a auna mana wani kasko, a faɗa wa mai shi gaskiya. Zan jera maka yadda aka yi, don kada wani ya ce bai gane ba.

Na ɗaya. Takardarku ta iso makarantarmu a tsakiyar bazarar da ta wuce. Ta ce za a yi taron shiyyar arewa, makarantun Kaura da Shinkafi da Zurmi, kowace makaranta ta tsaya a madadin wata ƙasa, yara su zauna kamar jakadu su yi muhawara. Abin da za a tattauna shi ne yadda za a tsare duniya daga haɗarin nukiliya: kada tashoshin wuta su yi hatsari, kuma kada kayan da ke fitar da tururi mai guba su suɓuce daga hannun masu tsaronsu su shiga cikin jama'a. Da aka yi ƙuri'a, mu Nijar ta faɗo mana.

Wallahi na yi murna. Jiharmu sabuwa ce, jiya-jiya aka yanke mata cibiya, kuma mutanen waje ba su san komai game da mu ba sai abin da suke ji a rediyo kan Shari'a. Na ce to, ga ranar da 'ya'yanmu mata za su miƙe su nuna su ma suna da baki a zancen duniya. Mako biyar muna zama ƙarƙashin dogon yaro bayan la'asar, muna fama da ɗan littafin da kuka aiko, wanda rabin shafukansa sun koɗe wajen gurzawa. Ni kaina a cikinsa na koyi yawancin abin da na koya musu. Da muka rasa sunan da za mu ba wannan tururi a Hausa, sai yaran suka raɗa masa gubar da ba a gani.

A ƙasan takardar taku akwai layi guda da ya ce kowace tawaga ta zo da wani abu na ƙasar da take wakilta, a jera a tebur don baƙi su gani. Ka riƙe wannan layin, daga nan komai ya taso.

Na biyu. Jagorar tawagarmu ita ce Balkisu, ɗiyar yayana marigayi Mamman, tana aji biyar. Yaya Mamman ya yi shekara tara yana aikin lebura can arewacin Nijar, cikin sahara, inda ake haƙar yuraniyom, ma'adinin da tashoshin nukiliya ke aiki da shi. Duk shekara biyu yakan zo gida da tsaraba: dabino, ganyen shayi, barguna, da kuma ƙarfe. Ƙarfen nan zubar da shi ake yi a bayan shingen ma'aikatar, kowa ya ga dama ya ɗauka, ba wanda ya taɓa ce musu kada su taɓa. Ga kauri, ga shi ba ya tsatsa. A Dauran wanda ya samu irinsa ya samu abin arziki.

Maƙerin garinmu ya tsaga wani dogon bututu gida biyu, aka yi komin shayar da dabbobi a bakin babbar rijiya, Yaya ya ce sadaka ce ga mahaifinmu. Wani faifan ƙarfen kuma aka buge shi ya zama kaskon suya, ya ba matarsa Dije. Guntun da ya rage, bai fi tafin takalmi ba, da shi ake tokare ƙofar ɗakinta. Yaya ya rasu shekara shida da suka wuce bayan doguwar jinyar tari, mutumin da ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba. Muka ce kwana ya ƙare, muka yi haƙuri.

Da wannan kaskon Yaya Dije ta yi shekara goma sha biyu tana suyar ƙosai a ƙofar gida kowace safiya. Da shi ta riƙe marayu biyar. Liman ya ci, 'yan makaranta sun ci, masu tafiya gona sun ci, Fulanin da ke kawo nono sun ci. Ni kaina ban san iyakar wanda na ci ba.

Balkisu ta so ta kawo jakar fata irin ta Buzaye da wata ƙawarta ta ce za ta ara mata. Ni na hana. Na ce mata, wace jaka kuma, alhali a ƙofar ɗakin uwarki akwai ƙarfen da ya fito daga ainihin ramin da za ku yi muhawara a kansa? Ɗauko shi, ya fi kowace jaka magana. Ni na faɗi haka da bakina, kuma ban zo nan don in ɓoye nawa laifin ba.

Na uku. Ranar taro zaure ya cika. Maza a dama, mata a hagu, kamar yadda tsarin yanzu ya tanada. Kowace tawaga da tutarta ta takarda da allon sunan ƙasarta. Yara suka yi ta miƙewa suna kiran juna mai girma wakili, wasu Turancin na sarƙe musu, ana dariya ana tafi. Da aka zo kan Nijar, Balkisu ta miƙe ta ce ƙasarta ce ke haƙo abin, wasu ƙasashe su sha hasken lantarki da shi, masu haƙar kuwa ba wanda ke komawa ya tambayi lafiyar ƙirjinsu. Ba ta ambaci ubanta ba. Ni da na san abin da take nufi sai da na sunkuyar da kai.

Bayan azahar kuka gabatar da babban baƙonku, wani Dakta daga wata jami'a, ya zo da 'yar na'ura mai kamar ƙaramin rediyo. Ya ce tana jin tururin nan da ido ba ya gani. Ya ɗora ta a kan tebur, tana ƙas, can an jima ta sake ƙas. Ya ce wannan ba komai ba ne, ko'ina a duniya akwai ɗan kaɗan. Sai ya ce cikin raha, bari mu zagaya mu ga wace ƙasa ce ta ɓoye bam. Ya bi teburin kayan ƙasashe yana kara ta a kan hula, a kan kofin shayi, a kan wata 'yar darduma. Yara na ta shewa.

Da ya iso kan ƙarfenmu, na'urar ta ɓarke da ƙara kamar an zuba ƙullu a tafasasshen mai.

Zaure ya kece da dariya. Samarin Shinkafi suka dinga ihu, Nijar ta ɓoye bam, Nijar ta ɓoye bam! Kowa ya ɗauka shiri ne aka yi don a ƙayatar da taro. Kai ma ka yi dariya, ranka shi daɗe, na gan ka. Ni ma na yi. Mutum ɗaya ne bai yi ba, shi ne Daktan. Ya ja da baya, ya kashe na'urar, ya sake kunnawa, ya sake karawa, ta sake ɓarkewa. Balkisu ta kai hannu za ta gyara zaman ƙarfen, ya ce mata a tsawace kada ta taɓa. A nan dariyata ta tsaya.

Na huɗu. Mu huɗu muka keɓe a barandar bayan zaure: kai, da Daktan, da ni, da Balkisu. Na ba shi labarin komi da kasko, ban rage komai ba. Abin da ya ce ina riƙe da shi kamar yanzu ya faɗa. Ya ce wannan ƙaramar na'ura ba za ta iya faɗin irin abin ko yawansa ba. Mai yiwuwa ɗan dattin da ya manne a bayan guntun ne kawai, kaskon kuwa da ya sha wutar maƙera da wanki na shekaru ba abin da ya rage a jikinsa. Mai yiwuwa kuma ba haka ba ne. Sai an zo da babbar na'ura an auna kowanne. Kafin nan, ya ce, kada a dafa komai a ciki, kada a kwana kusa da shi, kada a yanka shi, kada a jefar, kada a sayar. Ya rubuta Dauran a ɗan littafinsa, har ya tambaye ni yadda ake rubutawa.

Kai kuma ka dafa kafaɗata ka ce, Malam, mako biyu, in sha Allahu za mu zo da kanmu. Sannan ka ƙara da cewa kada mu ta da hankalin jama'a, ga manyan baƙi a ciki, ga waɗanda suka ɗauki nauyin taron, kada a ɓata rana mai kyau. Na ce to. Ka ga, na yarda da kai.

Muka koma ciki aka ci gaba. Yara suka zartar da ƙudurinsu, hannu duka sama, ba ko mutum ɗaya da ya ƙi. Ƙudurin ya ce wajibi ne a bi sawun duk wani abu mai fitar da wannan tururi har a san inda yake, kuma wajibi ne a gaggauta faɗa wa jama'ar da abin ya shafa gaskiya. Kai ka karanta shi da bakinka a lasifika. Kai kuma ka miƙa wa Balkisu takardar yabo ta jakadiyar da ta fi kowa. Ni kuwa na naɗe ƙarfen cikin tsohuwar jarida, na sa a buhu, na ɗaure a bayan babur.

Na biyar, kuma nan ne zuciyar maganar. Labari ya riga ni isa gida. Yaran Zurmi da ke zauren sun koma hutu da shi a baki, kafin Juma'a ta zagayo duk ƙasar an ji wai an gano bam a gidan Mamman na Dauran. Na iske Yaya Dije a tsakar gida tana wanke kaskon da toka. Na tsuguna na faɗa mata abin da Daktan ya ce, kalma bayan kalma, har da cewa mai yiwuwa ba komai. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Lawali, in akwai abin, tun yaushe yake ciki?" Na ce tun ranar da aka kawo shi. Sai ta kife kaskon.

Ba wanda ya hana ta suya. Ita ta hana kanta. Ta ce a makarantar matan aure an karantar da su cewa haramun ne mai sayarwa ya ɓoye aibin abin sayarwarsa, to ita da wane baki za ta ce wa mutane ku ci. Na sayo mata sabon kasko a Kasuwar Daji. Ta fita da shi safiya biyu, ƙosai ya huce a faranti ba wanda ya tsaya, ta dawo da shi ciki. Ba yunwa na zo kai ƙara ba. Muna da rai, muna da gero, 'ya'yan Yaya ba za su kwana da yunwa ba.

Abin da ke cin ta daban ne. Yaya Dije ta zauna tana lissafa mamatan Dauran. Duk wanda ya taɓa cin ƙosanta ya rasu cikin shekarun nan, ta ɗora shi a wuyanta. Tsohon ladan da maƙogwaronsa ya kumbura. Matar maƙwabcinmu da ciki biyu ya zube mata. Wani direba da ciwon ciki ya kashe. Nakan ce mata, haba Yaya, kafin a ƙera kaskon nan ba a mutuwa a Dauran ne? Zazzaɓi fa, ruwan rijiya fa, ajali fa? Sai ta dube ni ta ce, "Ka tabbata? Rantse mini." Ba na iya rantsewa. Ni malamin labarin ƙasa ne, iyakar sanina ɗan littafinku mai koɗaɗɗun shafuka.

Da aka gama girbi sai ta fara abin da ya sa na kasa haƙuri. Kullum da hantsi takan sa hijabinta ta shiga gida-gida tana neman gafara. Mace mai shekara hamsin, wadda ba a taɓa jin ta da kowa ba, tana durƙusawa gaban yaran da ta goya tana cewa ku yafe mini abin da na ciyar da ku. Wasu su fashe da kuka su ɗaga ta, su ce ba abin da ta yi musu. Wasu su ce sun yafe da baki, amma ko ruwa ba su ba ta ba, kuma tana fita a share inda ta zauna. Na roƙe ta ta bari, ta ce ba ni zan kwanta a kabarinta ba.

Akwai gida ɗaya da ba a yafe ba. Gidan Asabe ne, ƙawarta tun suna amare. Ɗan Asabe na fari, saurayi ɗan shekara sha tara, ya rasu bara bayan wata irin rama da asibiti ba su gane kanta ba, kuma tun yana ɗan yaro a gindin kaskon nan yake karyawa. Asabe ba ta zage ta ba, ba ta kore ta ba. Ta ce mata, "Dije, ban ce ke ce ba, ban ce ba ke ba ce. A zo a auna. In na yafe, in san abin da na yafe." Wallahi ban ga laifin Asabe ba. Ita ma amsar nan take jira, kamar mu.

Na shida. Ga abin da na samu a ofishinka. Zuwan farko, bayan mako uku, sakatarenka ya ce kana taro, in bar saƙo. Na bari. Zuwa na biyu, cikin damina, na baro Kaura da sassafe ruwa ya yi mini duka a hanya, sakataren ya ce Daktan ya koma jami'arsu, na'urar kuma ba ta kwamiti ba ce. Na ce a ba ni adireshinsa in bi shi da ƙafata. Ya ce sai da izininka. Na ce to a nemo izinin. Ya gyara zama ya ce, Malam, ka gane mana, mu muhawara muke shiryawa, wannan ba huruminmu ba ne. Kai! Ranar da za a kunna na'ura a gaban yara ɗari don a burge baƙi, huruminku ne. Ranar da ta yi kuka, ta zama ta wani.

Zuwa na uku ban ma ga sakataren ba. Wani ma'aikaci ya tausaya mini ya miƙo mini littafin rahoton taron, mai sheƙi, an buga shi da kyau. A shafin tsakiya ga hoton Balkisu tana karɓar takardar yabo daga hannunka. In ka duba bayanta, a kan tebur, kusa da tutar Nijar, ga ƙarfen nan ya fito sarai. Na karanta rahoton daga farko har ƙarshe a kan bencin nan. An yaba abinci, an yaba tsari, an gode wa Daktan bisa nuni mai ƙayatarwa. Ba a ambaci Dauran ko sau ɗaya ba.

Kada ka ce ban nema ta wata hanya ba. Na je asibiti na tambaya, likitan ya faɗa mini gaskiya cewa bai taɓa ganin irin na'urar ba sai a littafi. Ya duba Yaya Dije ya ce jininta ya hau, ta rage tunani. Ta yaya?

Na bakwai. Komin rijiya. Shanun Fulanin da ke rugagen kewayenmu sun fi shekara goma suna sha a cikinsa, tare da namu awaki. Da labari ya kai gare su, Ardo ya zo da kansa wurin mai gari, cikin mutunci, ya tambaya. Mai gari ya kira ni. Na ce a yi haƙuri, masana na nan tafe, mako biyu aka ce. Aka daina amfani da komin, aka koma shayarwa da bokiti, wahala ta ninku. Mako biyu ya zama wata biyu. Cikin damina maruƙa biyu suka mutu a wata ruga, kamar yadda maruƙa ke mutuwa kowace damina, amma bana sai aka ce komin ne. Aka fara cewa manoma sun daɗe da sani suka yi shiru. Mutanen da kakanninmu suka zauna tare, matansu na shiga ɗakunan iyayenmu, sai ga shi ana gaisawa sama-sama a bakin rijiya. Duk Juma'a mai gari ya tambaye ni, in ce suna tafe. A garin da aka haife ni na zama maƙaryaci saboda alkawarinka.

A wata na huɗu mai gari ya gaji. Ya sa aka ɗaure komin da igiya aka ja shi bayan gari, aka yar a wani kwazazzabo. Na roƙa a bari, na ce Dakta ya ce kada a jefar, aka ce in kawo Daktan. Bayan kwana takwas na je dubawa, ba komi ba alamarsa, sai sawun mota. 'Yan gwangwan, masu tara tsofaffin ƙarafa, sun kwashe. Wani ɗan garinmu ya ce ya ga irinsa an yayyanka a bayan wata motar da ta nufi kasuwar Shinkafi ranar Alhamis.

Ka san ma'anar wannan, ranka shi daɗe, ko sai na faɗa? Ƙarfe mai kauri irin wannan ba ya kwana a kasuwa. Yanzu haka wataƙila fartanya ce a hannun wani a ƙauyen Katuru, ko ƙofar ɗakin amarya, ko wani kaskon a ƙofar wani gida da wata baiwar Allah ke suya a ciki ba ta san komai ba. Abin da yaran nan suka ɗaga hannu suka ce kada duniya ta bari ya faru, ya faru a ƙasar Zurmi, a hannunmu ni da kai, wata huɗu bayan ka karanta ƙudurin a lasifika. In ba komai a jikinsa, alhamdu lillahi. In akwai, wa zai je gida-gida neman gafara wannan karon?

Ina cikin waɗanda suka cika mota zuwa Gusau ranar da aka ƙaddamar da Shari'a, muna kabbara har murya ta dushe. Abin da na fahimta a ranar shi ne daga yau amana za ta yi nauyi a jihar nan, babba zai ji tsoron Allah a kan ƙarami. Matar da ba ta taɓa shiga ajin boko ba ta gane haka, ta kife kaskon da take ci da shi don kada ta cuci wani bisa shakka kawai. Ku da kuka yi karatu, kuka ji kukan na'urar da kunnenku, me kuka kife?

Balkisu ta dawo mini da takardar yabonku, ta ce in ajiye, ba ta son ganinta. Yarinyar da ke tsayawa gaban zaure ta yi magana ba gargada, yanzu ko a aji ba ta ɗaga hannu. Ta ce mini, Baba, da jakar Buzaye na kai, da yanzu Inna na nan tana suyarta. Na ce, in kuma kaskon na da guba fa? Amma ni kaina ban san wanne ya fi ba.

Saboda haka ina roƙon ka abubuwa kamar haka.

A nemo Daktan nan, ko wani mai irin aikinsa, a zo Dauran da na'urar da ta dace. A auna kaskon, a auna guntun, a auna ɗakin Yaya Dije da bakin rijiya. Kaskon da guntun suna nan cikin wani tsohon rumbu a gonata, na liƙe bakinsa da laka. Ban yanka ba, ban jefar ba, ban sayar ba. Ni na cika nawa.

Duk abin da aka samu, mai daɗi ko marar daɗi, a faɗe shi da Hausa a ƙofar masallacin Juma'a, gaban mai gari da Ardo, a kuma aika mace ta shiga gidaje ta faɗa wa mata. Ba ma son takarda da Turanci.

A sanar da waɗanda aikinsu ne su bi sawun komin, tun maƙeran Shinkafi na iya tuna wanda ya kawo musu shi.

In duk wannan ya fi ƙarfin kwamitinka, ba abin kunya ba ne. Rubuto mini layi ɗaya ka ce ba za ku iya ba, ka faɗa mini ƙofar da zan buga. Zan je ko ina ne.

Na ji kuma kuna shirin taron baɗi, har an fara raba ƙasashe. Ban ce ku fasa ba, yaranmu na buƙatarsa. Amma don Allah kada ku sake kunna na'ura a gaban 'ya'yan mutane in ba ku shirya bin kukanta har gida ba.

Ranka shi daɗe, Yaya Dije ta rame, zanenta har zagaye biyu yake yi mata. Duk ranar da na je Dauran, kafin in kashe babur tana bakin zaure tana tambaya, "An taho?" Makon jiya ba ta tambaya ba. Ta kira ni ɗaki ta ce ta bar mini wasiyya: in Allah ya ɗauki ranta kafin a zo, ranar da aka auna kaskon in tafi gidan Asabe da kaina in faɗa mata abin da aka gani, in nema mata gafara a madadinta. Na karɓa, don ba yadda zan yi. Amma ba na so in cika wannan wasiyya. Ina so ta ji da kunnenta.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Allah ya tsare ka da zuriyarka daga cin abin da ba ku san asalinsa ba, ya raba ka da ɗaukar haƙƙin wanda ba zai iya zuwa ofishinka ba. Allah ya ba ka ikon cika alkawarin da ka yi a barandar nan tun masu jiransa suna da rai. Daga Gusau zuwa Dauran ba ta kai tafiyar yini ba, kuma akwai mata biyu a can da ba su gaisa ba tun girbi, ɗaya na jiran ta san abin da za ta yafe, ɗaya na jiran ta san abin da za a yafe mata.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Malam Lawali,
malamin labarin ƙasa, Kaura Namoda.